Ɗana, Kafin Ka Kama Gambara Ka San Ƙarshen Labarin

Ɗana, labari ya iso mana nan Shema cewa ka kama waƙar gambara ta zamani, wadda kuke kira hip hop, har abokanka na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma sun laƙaba maka suna. Mahaifinka ya so in tsawata maka. Ni kuwa ba zan ce ka bari ba, domin a ƙasar da ta haifi Mamman Shata ba a cewa waƙa ba sana'a ba ce. Shatan ma da tallan goro da alewa ya fara, iyayensa ba su so ya yi waƙa ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Abin da nake so shi ne, mawaƙan kudancin ƙasar Amurka da kuke kwaikwayon kiɗansu da tafiyarsu, ka san labarinsu daga farko har ƙarshe, kada ka tsaya a kan mota da sarƙar zinare.

Zan ba ka labarin ɗaya daga cikinsu, Chad Butler, wanda aka fi sani da Pimp C. An haife shi a 1973, ya tashi a Port Arthur, wani ƙaramin gari na matatun mai a jihar Texas. Mahaifinsa mabushi ne, shi ma tun yana makaranta ya koyi busa da kiɗa a hannun malamai. A 1987 suka haɗu da abokinsa Bun B suka kafa ƙungiyar UGK. Shi yake haɗa kiɗansu da hannunsa, yana ɗauko sautin cocin garinsu da tsofaffin kaɗe-kaɗen baƙaƙen fatar Kudu yana zubawa a ciki.

A wancan lokaci kasuwar wannan waƙa tana hannun mutanen New York da Los Angeles, kuma kallon ƙauyawa suke yi wa 'yan Kudu. A 1995, da 'yan ƙungiyar OutKast na Atlanta suka hau karɓar lambar yabo a New York, ihu aka yi musu. Duk da haka Chad da abokinsa ba su sauya harshe ba. Da karin maganar garinsu suka ci gaba, a kan abin da mutanen unguwarsu ke ciki. Kundinsu na 1996, Ridin' Dirty, ya sayar da kwafi sama da 500,000 ba tare da an yi masa bidiyo ba. Yau kuwa kiɗan nan na Kudu da aka raina shi ke tashi a wayoyinku.

To, ka ga abin koyi na farko. Waƙarka da aka kunna mini, na ji kana kiran unguwannin da ba ka taɓa takawa ba, da Turancin da ko malaminka ba zai gane ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Me ya hana ka Katsinancin da ka sha a nono? Ga manoman Kurfi da Safana da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Ga masunta da masu noman rani a bakin madatsar Zobe. Ga ɗalibin da ya gama karatu ya dawo yana acaɓa. Ba wani mawaƙin Atlanta da zai faɗi waɗannan, sai kai. A Kano, Nazir Ahmad Hausawa, wato Ziriums, da Hausa ya yi suna, kuma a kan abin da ya dami Kanawa ya yi waƙarsa Girgiza Kai, a shekarun da Hukumar Tace Fina-finai ke takun-saƙa da mawaƙa. DJ AB ma a Kaduna Hausar ce ta ɗaga shi.

Na biyu shi ne takarda. A 1992 UGK suka sa hannu da kamfanin Jive suna samari, kuma shekara da shekaru suna kokawa cewa sunan nasu ne, kuɗin na wasu. Ka kwatanta da Master P na New Orleans. Shi da shagon sayar da faifai ya fara, ya san yadda ciniki yake, don haka da ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Priority a 1996, rarrabawa kawai ya ba su, mallakar waƙoƙin ta zauna a hannunsa. A nan gida na san wani yaro da ya kwashe kuɗin geron mahaifinsa ya kai sitidiyo, aka buga masa waƙa, ta yi farin jini a gidajen biki. Da ya je neman haƙƙinsa sai mai sitidiyon ya ce ai kiɗan nasa ne, ya saka a shafinsa na YouTube, yaro ba shi da shaida ko ta layi ɗaya. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, kada kuma ka yi aiki ba takarda don ana cewa ai mu 'yan'uwa ne. Ka koyi haɗa kiɗa da kanka kamar yadda Chad ya koya, domin mai roƙon kiɗa kullum a ƙarƙashin mai kwamfuta yake.

Na uku shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. A 2000 waƙar da UGK suka yi da Jay-Z ta game duniya, ƙofa ta buɗe musu. A ƙarshen shekarar Chad ya shiga rigima a wata cibiyar kasuwanci a Houston, da bindiga a jikinsa. Kotu ta sake shi bisa sharaɗi, ya kasa cika sharaɗin, aka ɗaure shi a 2002, bai fito ba sai ƙarshen Disamban 2005. Shekarun da ya kamata ya girbi abin da ya shuka, a kurkuku ya yi su. Da ya fito suka koma aiki, a watan Agustan 2007 kundinsu Underground Kingz ya zo na ɗaya a duk Amurka. Bayan wata huɗu, ranar 4 ga Disamba, aka tsinci gawarsa a ɗakin otal a Kalifoniya, yana da shekara 33. Masu binciken gawa suka ce maganin tari mai kodin ne ya haɗu da ciwon ɗaukewar numfashi a barci da yake fama da shi. Haka kodin yake aiki: yana rage saurin numfashi, in ya yi yawa mutum ya kwanta bai tashi ba. Kafin shi, a Nuwamban 2000, DJ Screw na Houston ya tafi ta wannan hanya yana da shekara 29.

Kwalbar maganin tarin nan ba baƙuwarmu ba ce. A 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, kuma a watan Mayun 2018, bayan binciken BBC, gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. An haramta, amma kai ka fi ni sanin bai ɓace ba. Cikin yaran da na koyar akwai mai muryar da in ya ja baƙi a masallaci sai kowa ya yi tsit. Abokan sitidiyo suka ce masa sai da kwalba basira ke sauka. Yanzu a bakin tasha yake wuni, ko sunan mahaifiyarsa sai an tuna masa. Duk wanda ya miƙa maka kwalba da sunan basira, maƙiyinka ne ko da tare kuke kwana.

Saboda haka, ɗana, ka gama karatunka tukuna, waƙa ba ta guduwa. Ka yi ta da harshenka, a kan mutanenka, da kalmomin da za ka iya maimaitawa a gaban mahaifiyarka ba ka sunkuyar da kai ba. Ka riƙe takardunka, ka riƙe sallarka, ka nisanci kwalba da makami. In ka tsare waɗannan, ni da kaina zan shawo maka kan mahaifinka. Allah ya yi maka albarka.