Fuskar Soja ko Siffar Yaƙi

A shekarar da ya ajiye aiki, wani tsohon malamin tarihi a birnin Nottingham na ƙasar Ingila ya share ɗakin da ɗansa ya bari, ya girka tebur mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa huɗu. Burinsa shi ne ya jera yaƙin Waterloo a kai, wato gwabzawar ranar 18 ga Yunin 1815 a ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, wadda ta kawo ƙarshen mulkin Napoleon.

Wasa ne da ya daɗe a Turai. Ana sayen ƙananan mutum-mutumin sojoji na dalma ko na roba, a yi musu fenti da hannu, sannan mutum biyu su ja dāga, suna auna tafiyar runduna da rula, suna jefa 'ya'yan ludo don sanin wanda harsashi ya samu. Marubuci H. G. Wells ya wallafa dokokin irin wannan wasa a littafinsa Little Wars a 1913, da sojoji masu tsayin milimita 54, waɗanda girmansu ya sa yake wasan a daɓen ɗaki da farfajiyar gida. Shi kuwa malamin, tebur kawai gare shi, don haka tilas ya tsai da girman sojansa kafin ya sayi ko guda.

Zuciyarsa ta fara karkata ga mai milimita 28, wanda ya ɗara inci ɗaya kaɗan. Shi ne ya fi kasuwa a yau, kuma kamfanoni irin su Perry Miniatures da Warlord Games a garinsu suke. Sojan wannan girma yana da fuska. Ana ganin gashin bakinsa da maɓallan rigarsa. Sai dai da ya zauna ya yi lissafi, jikinsa ya yi sanyi. Irin wannan soja kusan kashi ɗaya ne cikin sittin na tsayin mutum, ke nan teburinsa bai wuce mita 110 na ƙasa ba, alhali fagen Waterloo ya kai faɗin kilomita huɗu. Kafin filin ya shiga daidai, sai an samu tebur mai tsawon mita kusan saba'in.

Ya koma ga mai milimita 15, wanda ya yaɗu a shekarun 1970 saboda araha, daga nan ya gangara zuwa mai milimita 6, kwatankwacin ƙwayar shinkafa. Ko da wannan ɗan mitsitsin, teburin bai wuce mita 550 ba. A nan ya gane cewa babu girman da zai ɗauki gaskiyar yaƙin gaba ɗayanta. Abin da masu wasan suke yi shi ne raba ma'aunin soja da na ƙasa: mutum-mutumi ɗaya ya wakilci dakaru ashirin ko hamsin, gida ɗaya ya wakilci ƙauye. Idan soja ya girma, bataliya takan koma mutum goma sha biyu. Idan ya ƙanƙance, sahu ya cika ido, fuska kuma ta ɓace.

Akwai kuma abin da rula ba ta aunawa. Idanunsa sun fara gajiya, hannunsa ya rage tsayawa cak, kuma sojan milimita 28 guda ɗaya yakan cinye masa yamma sukutum da burushi. Rundunoni uku suka yi yaƙin, na Faransa da na Ingila da ƙawayenta da na Purushiya, kuma shekarun da yake fatan sun rage masa ba za su ishe su ba. A ɗaya ɓangaren, abokansa na ƙungiyar wasan manyan sojoji suke tarawa, kuma runduna mai girma dabam ba ta karawa da tasu. Wanda ya zaɓi ƙarami, sai ya yi fentin ɓangarorin biyu da kansa.

Ƙaramin ya zaɓa. Bayan wata takwas ya ga abin da shekara talatin ta koyarwa ba ta nuna masa ba: yadda tudun Mont-Saint-Jean ya ɓoye dakarun Wellington, da yadda isowar sojojin Purushiya daga gabas ta tilasta wa Napoleon raba ƙarfinsa. Amma ranar da ya fara wasa, igwa ta ci bataliya guda, ya ɗauke ta da yatsu biyu ya ajiye a akwati. Sai da ya zauna shan shayi ya tuna cewa mutum ɗari biyar ke nan, kuma shi ne ya shekara talatin yana hana ɗalibansa faɗin irin wannan adadi ba tare da sun dakata ba.