Gwaranci, kalmar da ake jifan 'ya'yanmu da ita

Idan jariri ya fara harhaɗa magana ba a gane abin da yake cewa, sai mu ce yana gwaranci, mu yi dariya. Haka ma babba idan Hausarsa ba ta fita.

Asalin kalmar daga Gwari ne, sunan da Hausawa ke kiran Gbagyi, mutanen Minna, Abuja da wani yanki na Kaduna. Gwari, Gwaranci, kamar Bature da Turanci. Yare ne cikakke na mutane. Kunnen kakanninmu ne bai ji shi ba, sai sunan ya koma na duk maganar da ba ta fita. Gbagyi da yawa kuwa ba sa son a ce musu Gwari.

To mu mazauna Kudu, wa ake jifa da ita yau? 'Ya'yanmu da aka haifa a Sabon Ibadan ko Agege. Yaro ya je gida hutun sallah, ya ce "yarinya ya zo", a kwashe da dariya, a ce ga bagware. Ya ja bakinsa ya yi shiru, ya dawo ya rungumi Yarbanci da Turanci. A taronmu na wata-wata yanzu da wuya matashi ya ɗaga hannu ya yi magana da Hausa.