Sabuwar Sarƙa a Kan Tsofaffin Haƙora

A wani lungu kusa da babbar kasuwar Umdurman, kafin yaƙin 2023, akwai wata rumfar kwano inda wani tsoho ya daɗe yana gyaran kekuna. Mutanen garin suna ce wa keke ajala, mai gyaransa kuwa ajalati, don haka da wannan suna kowa ya san tsohon. Bahaushe ne, jikan mutanen da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka nausa gabas, waɗansu suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, waɗansu suka yi gaba. Da Larabci yake ciniki, amma in ransa ya ɓaci, da Hausa yake faɗa.

Yana da ɗan ƙanwarsa, saurayi mai tsaron shago a Suk Libya. A shekarar 2017 yaron ya haɗa abin da ya tara, ya sayi keken tsere kwance a hannun wani mutumin Eritiriya da zai bar ƙasar. Mutanen Eritiriya kuwa ba baƙi ba ne a wannan wasa, gama a 2015 wani ɗansu, Daniel Teklehaimanot, ya sa rigar gwanin hawan tudu na 'yan kwanaki a babban tseren Faransa. Keken ba shi da nauyi, giyarsa Shimano ce, haƙora jere tara a ƙafar baya. Da yaron ya turo shi rumfar, tsohon ya zagaya shi sau biyu, ya tsuguna ya ja sarƙar da yatsa, sa'an nan ya ce, "Ka sayi doki. To, ina ciyawarsa?"

Yaron bai fahimta ba sai da taya ta fara yi masa faci. Kekunan da suka cika kasuwa irin su Phoenix ne da Raleigh, masu gargare mai faɗin milimita 635. Gargaren keken tsere kuwa 622 ne. Bambancin bai kai kaurin yatsa ba, amma ya isa ya hana tayar wannan shiga wancan. Bawul ɗinsa ma siriri ne, famfon kasuwa ba ya kama shi. Kowane abu sai an yi sautu wurin mai zuwa Alkahira ko Dubai, a jira wata ɗaya ko biyu. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan tun 1997 ba a ɗage shi ba sai a Oktoban 2017, kuma tun rabuwar Kudu a 2011, wadda ta tafi da yawancin man fetur, kuɗin ƙasar suke ta faɗuwa. Abin da ka tambayi kuɗinsa yau, in ka dawo jibi ya canja.

Saboda haka tsohon ya ba shi wani gwangwanin madara mai murfi, ya ce nan ne rumbunsa. A ciki akwai tub biyu da aka barbaɗa wa hoda aka naɗe cikin tsumma, da wayar giya ɗaya, da ta birki ɗaya, da robar birki, da sifoki uku, da 'yan guntayen sarƙa, da faci, da sholisho wanda ba a taɓa buɗewa ba. A kan sholishon nan tsohon ba ya wasa. Zafin Umdurman a watan Mayu yakan wuce digiri 40, kuma sholishon da aka buɗe aka ajiye, ran da kake nemansa a bakin hanya za ka tarar ya bushe ƙayau. Ƙaya kuwa ba ta ƙarewa a gefen titi, musamman tsidau, wanda yake kwance ƙafafunsa a sama yana jiran taya.

Amma inda tsohon ya fi tsayawa shi ne sarƙa. Masu kekunan kasuwa sukan tsiyaya mata baƙin mai har ya riƙa ɗiga, su ce sun gyara. A garin da habub yakan taso kamar bango ya rufe rana, wannan kashe keke ne. Mai yakan kama ƙura, ƙura da mai su zama kamar dutsen wasa, su riƙa cin ƙusoshin sarƙar daga ciki. Shi tsohon sai ya cire ta, ya wanke da kananzir a cikin kwalba, ya shanya, ya ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sa'an nan ya goge bayanta sarai har ta zama kamar ba a sa kome ba. Bayan haka sai ya ɗauko rula. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, don haka a sabuwar sarƙa ƙusa ta 24 bayan wadda ka fara da ita takan faɗa daidai kan inci 12. In ta zarce da milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. In ta kai uku, to ba sarƙa kaɗai ta tafi ba, ta riga ta cinye haƙoran giya, waɗanda kuɗinsu ya ninka nata.

Da ya auna ta yaron tun ranar farko, ta riga ta kusa uku. Ya ce masa, "Ka nemi sarƙa da haƙora tare. Kada ka sa ɗaya ba ɗaya."

Yaron ya amsa da to, Kawu. Amma kuɗin haƙora bai samu ba. Ga shi kuma samarin da yake fita da su kowace Juma'a da asuba sun shirya tsere a tsakaninsu, daga Khartum zuwa Jabal Auliya, inda aka yi madatsar ruwa a kan Farin Nilu a 1937, tafiyar kamar kilomita 40, a juyo. Ba wata babbar kyauta, sai dai wanda ya yi fice ana sa ran masu kula da wasan za su lura da shi. Wata uku yana shiri. Ana jibi tsere sai ga sautun sarƙarsa ya iso, tana ƙyalli cikin leda. Daren Alhamis, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya ɗaura ta a tsakar gida da hasken wayarsa. Ya juya feda da hannu, ta yi shiru, ta yi santsi, ya kwanta da murna.

Ai kuwa juyawa da hannu ba ta nuna kome. Tsohuwar sarƙa da tsofaffin haƙora sun ci juna har sun saba, suna tafiya tare duk da lalacewarsu. Sabuwa ba ta zama cikin ramin da tsohuwa ta haƙa. Muddin ana tafiya a hankali ba ta magana, amma da aka danna da ƙarfi sai ta hau kan haƙori ta zame. Haka kuwa aka yi. Ya ƙetare gadar Farin Nilu lafiya, aka tashi lafiya. Da na gaba suka ƙara wuta, ya miƙe tsaye a kan feda domin ya bi su, sai ji kake ƙarass, ƙafa ta tafi a banza, gwiwarsa ta bugi kan keken. Ya sāke dannawa, ta sāke zamewa. Haƙoran tsakiya, waɗanda ya fi mora, su ne suka fi cinyewa, sai manya biyu na can sama suka riƙe. A kansu ya ƙarasa, ƙafafu suna ta juyawa kamar mai kaɗa miya, abokansa kuwa tuni sun zama ɗigo a kan kwalta.

Da yamma ya zo rumfar yana jiran faɗa. Tsohon bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ya dai tambaye shi ina tsohuwar sarƙar. Yaron ya ce ya jefar. Nan ne Hausa ta fito. Ya ce da ya bar ta a kai, da ta kai shi ta dawo da shi, gama abin da ba a gwada shi mako guda a kan hanya ba, ba a shiga tsere da shi, ko da daga Makka aka kawo shi.

Da ya huce, sai ya ba shi labarin da ya taɓa ji, na wani Bafaranshe mai suna Eugène Christophe. A tseren Faransa na 1913 ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaban kekensa ya karye a gangaren dutse. Doka a lokacin ta hana kowa taimakon mai tsere. Ya saɓa keken ya sauko da ƙafa har wani ƙauye, ya shiga maƙera ya gyara da hannunsa, alƙalai suna tsaye a kansa. Duk da haka suka ci shi tarar mintoci, domin wani yaro ya yi masa zuga. Abin da ya ba tsohon sha'awa a labarin ba tarar ba ce. Cewa ya yi, "Ka ga, mai keken ya iya ƙira."

Daga ranar yaron ya riƙa zama a rumfar bayan ya tashi daga shago. Ya koyi ɗaure sifoki har gargare ya daina rawa, ya koyi duba wayar giya a inda take fara tsinkewa, can cikin hannu inda ido ba ya gani. Haƙoran suka iso bayan wata huɗu. Ya sayi sarƙa ta biyu yana musanya su, ya sami ɗan littafi yana rubuta ranar da ya auna kowace.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke. Kasuwar ta watse, fetur ya ɓace, a Nuwamba gadar Shambat ta karye. Tsohon ya bi iyalinsa zuwa Gadarif, ya bar rumfar a rufe. Yaron ya bi su daga baya. Keken tseren bai iya ɗaukar jarkar ruwa ba, don haka ya bar shi a ɗaki, ya fita da tsohon Phoenix na kawunsa. Amma ya ɗauki gwangwanin da rular, da sifana biyu. A Gadarif ya shimfiɗa buhu a gindin wata bishiya, masu kekuna suka fara tsayawa, tsohon yana zaune a gefe yana duba ko ya goge bayan sarƙa.