Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Ɗan Kwangila Da Ƙarin Inshora

Ɗan kwangilar da ke gina wa mutane gidajen zama yakan yi shekara da shekaru yana tara amana, daga gyaran katanga zuwa ɗaki ciki da falo, har wata rana wani mai hali ya danƙa masa ginin bene. Daga ranar da ya sa hannu a takardar kwangila, duk abin da ke cikin filin ya hau wuyansa, watau siminti da rodi, katako da kwanon rufi, lafiyar birkiloli da leburori, har da bangon maƙwabci. Galibi kuwa jarinsa bai kai kuɗin aikin ba, saboda haka ɓarnar dare ɗaya tana iya cinye abin da ya tara, ta haɗa da sunansa.

Hukuma ta san da wannan haɗari. Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 64, ta hana a ta da ginin da ya wuce hawa biyu ba tare da inshorar da za ta biya diyya ba idan sakaci ya jawo rauni ko mutuwa ko asarar dukiyar wani. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a shekarar 2025 ta maye gurbinta, ta kuma riƙe wannan wajibi. Wanda ya tuna da benen nan mai hawa 21 da ya rufta a unguwar Ikoyi ta birnin Ikko ran 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutum fiye da 40, ba zai tambayi dalili ba. Har ila yau, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsu a asusun NSITF.

Amma mai karatu ya lura, waɗannan dokoki jama'a da ma'aikata suke tsarewa daga sakacin ɗan kwangila. Shi kansa, da kayansa, da aikin da ya kai rabi, sai abin da ya tanadar wa kansa. Abin da kamfanoni ke sayarwa domin haka shi ne takardar da suke kira inshorar dukan haɗurran kwangila. Takan biya ɓarnar gobara, da ambaliya, da guguwa, da sata, da ruftawar gini, sa'an nan da diyyar mutanen waje. Sunan yana da daɗin ji, amma yana da iyaka. Takardar takan fara aiki ne sa'ad da aka soma gini ko aka sauke kaya a fili, ta kuma ƙare ranar da aka miƙa wa mai gida makulli. Tsakanin nan ma akwai abubuwan da ta keɓe, waɗanda sai an nema, an biya ƙarin kuɗi, an rubuta su a jikinta.

Na farko shi ne kayan da ba su iso fili ba. Motar da ta ɗauko rodi daga kasuwa ta kife a hanya, ko simintin da aka ajiye a wani sito a cikin gari domin gudun ɓarayi, duk suna wajen takardar, sai fa in an ƙara inshorar sufuri da ta ajiya. Haka nan injin kwaɓa siminti, da janareta, da ƙarafan da ake takawa a hau bene, ba a lissafa su sai an jera su da kuɗinsu, ko nasa ne ko na haya.

Na biyu, maƙwabta. A tsofaffin unguwanni inda gida ke jingine da gida, haƙa harsashi mai zurfi ko girgizar inji tana iya tsaga bangon da ke kusa. Takardar asali takan cire irin wannan ɓarna daga diyyar mutanen waje. Haka kuma, idan hawa ake ɗorawa a kan gidan da ke tsaye, tsohon ginin ba ya cikin kuɗin kwangila, sai an yi masa nasa ƙari. Kwashe baraguzai bayan gini ya faɗi shi ma sai an ware masa kuɗi, ga shi kuwa hayar tifa da leburori ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku, tarzoma da yajin aiki. Mutanen Ikko da wasu birane sun ga yadda aka ƙone gine-gine aka kuma fasa rumbuna a watan Oktoba na 2020. Irin wannan asara takan fita daga takardar asali in ba a saye ta daban ba.

Na huɗu, abin da ke biyo bayan miƙa makulli. A yawancin kwangiloli mai gida yakan riƙe wani kaso na kuɗi har wata shida ko shekara guda, domin a gyara duk aibin da ya bayyana. Akwai ƙarin da ke biyan ɓarnar da ma'aikata suka yi sa'ad da suka dawo gyara, akwai kuma wanda ya fi shi faɗi, mai biyan ɓarnar da asalinta daga lokacin gini ne amma sai daga baya ta fito. Kuskuren zane ma a keɓe yake, kuma wanda ke haɗa zane da gini a hannunsa ya fi kowa bukatar ya nemi wannan ƙari.

Na biyar, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne tashin farashi. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Ƙa'idar inshora kuwa ita ce, wanda ya rubuta kuɗin da bai kai darajar aikin ba, gwargwadon abin da ya rubuta za a biya shi. A ce an rubuta naira miliyan 40, alhali aikin ya koma na miliyan 60, sai gobara ta ci na miliyan 15. Abin da za a ba shi miliyan 10 ne, sauran biyar ya nemo a aljihunsa. Akwai sharaɗin da ke ɗaga kuɗin da wani kaso domin toshe wannan giɓi.

Ba a ce ɗan kwangila ya kwashi dukan waɗannan ba, gama kowanne da kuɗinsa, riba kuwa ba ta da yawa. Fili ne ke nuna abin da ya kamata. Mai gini a sarari, nesa da kowa, ba ya bukatar ƙarin tsagewar bangon maƙwabci, amma mai haƙa a lungu, in ya bar shi, ya yi ganganci. Abin da ya fi shi ne ya zauna da dillalin inshora mai rajista, ya tabbata kamfanin yana da lasin daga hukumar NAICOM, ya tambayi nawa ne kason da shi zai ɗauka daga kowace asara, ya sa kuɗin duka a lissafin da zai kai wa mai gida tun kafin a shirya. Ya kuma biya a kan kari, domin tun daga watan Janairu na 2013 hukumar ta tsananta ƙa'idar cewa wanda bai biya ba, ba shi da inshora. Mai ƙyamar inshorar da aka saba saboda addini yana da takaful, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013.

Magina da yawa sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne. Sai dai ranar da ya auku, ma'aikacin kamfani zai zo ne da takarda a hannu, ya duba abin da aka rubuta da abin da ba a rubuta ba, roƙo kuwa ba ya ƙara mata layi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan kwangilar da ya karanta takardarsa kafin a aza bulon farko, ya san abin da ya saya da abin da ya bari da saninsa, shi ne zai iya duban mai gida ido da ido ya ce masa za a ci gaba da aiki.