Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ni Da Tsohuwar Kwamfutata

 

'Yan uwana matasa, yau zan ɗan saki layin da muka saba bi, in ba ku labarin wata shawara da ta hana ni barci na tsawon makonni. A ido magana ce ƙarama: shin in gyara tsohuwar kwamfutata, ko in sayi sabuwa? Amma da na zauna na dubi lamarin da idon basira, sai na tarar akwai darasi a ciki wanda ya wuce kwamfuta.

A shekarar 2016 na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta farko a rayuwata, a Titin Beirut da ke Kano, da ɗan abin da na tara daga alawus ɗin bautar ƙasa. Ta hannu ce, samfurin ThinkPad T430, wanda kamfanin Lenovo ya fitar a 2012. Baƙa ce wuluk, mai kauri da nauyi, tana ɗauke da masarrafar Core i5 zubi na uku, da RAM mai gigabait 4, da ma'adana irin ta da mai faifai a ciki. Da ita nake shirya darasin ɗalibaina, da ita nake fassara da buga takardun mutane, wanda shi ne ɗan abin da ke rufa mini asiri kafin albashi ya shigo. Galibin rubuce-rubucen da kuka karanta a wurina, a kanta na buga su.

Shekara takwas muna tare, sai ta fara nauyin jiki. Idan na kunna ta da safe, sai in ɗora ruwan shayi, ya tafasa, in dawo in same ta ba ta gama farkawa ba. Idan na buɗe shafukan intanet biyar ko shida sai ta sandare, fankarta na gurnani, gefenta na hagu ya yi zafi kamar dutsen guga. Batirinta kuwa, da zarar an ɗauke wuta ita ma ta ɗauke. Wata rana ina gab da kammala fassarar da aka ba ni wa'adi, wuta ta tafi, aikin awa biyu ya bi ruwa.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Ba jinkirin kaɗai ke damuna ba. A ɗakin malamai akwai wani abokin aikina da ya zo da wata siririyar kwamfuta mai launin azurfa, wadda ba ta fi littafin rubutu kauri ba. Duk ranar da na ciro tawa a gefensa, sai in ji kamar na fito da tsohuwar akwatin rediyo. Babu wanda ya taɓa yi mini dariya, ni ne dai nake yi wa kaina. Daga nan na fara tara kuɗi a ɓoye.

To, sai abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, tun daga watan Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi, dalar da a hukumance ba ta kai naira 500 ba ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kwamfuta kuwa kayan waje ce, don haka duk lokacin da na koma shago sai in tarar farashin ya yi gaba ya bar ni. Na biyu, ƙanwata ta sami gurbin karatu a jami'a. Mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ni ne babba. Ta zo da takardar a hannu tana murna, ta ce, "Yaya, an ce nan da mako uku za a rufe rajista." Kuɗin da ke hannuna zai iya ɗaukar ɗaya ne kawai daga cikin biyun.

Wani zai ce ai wannan ba abin tunani ba ne. Haka ne, amma zuciya gwanar kawo hujja ce. Ta riƙa raɗa mini cewa kwamfutar nan ita ce jarina, idan ta mutu daga ni har ƙanwar tawa mun shiga uku, don haka sayen sabuwa shi ne hangen nesa. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi haɗari.

Kafin in yanke hukunci sai na kai ta wurin wani dattijo mai gyara, domin ya gaya mini nawa za a saye ta idan na ɗora kuɗi na karɓi wata. Ya kunna ta, ya jira, ya buɗe wani sashe na Windows da ake kira Task Manager, ya juyo mini da fuskarta. Ya ce, "Malam, duba nan da kyau. Ma'adanarka tana aiki ɗari bisa ɗari, RAM ya kusa cika, amma masarrafar ko rabin ƙarfinta ba ta yi amfani da shi ba. Ƙwaƙwalwarta lafiya lau, jiran kaya take yi." Na ce, "Baba, yi mini bayani yadda zan gane."

Ga yadda na fahimci bayanin nasa. Ka ɗauki kwamfuta kamar shagon tela. Masarrafa ita ce telan da kansa. RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi. Ma'adana kuma ita ce sito inda ake ajiye kaya. Idan teburin ƙarami ne, dole tela ya riƙa mayar da wani yadin sito kafin ya shimfiɗa wani. Idan kuma yaron da ake aike siton gurgu ne, to tela zai wuni yana hamma komai gwanintarsa. Tsohuwar ma'adana faifai ne da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a irin waɗannan kwamfutoci, da wata allura da ke yawo a kansa tana neman bayani. Ita kuwa sabuwar ma'adana da ake kira SSD babu abin da ke motsi a cikinta. A irin mahaɗin da kwamfutata ke da shi tana iya karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa ɗaya, alhali mai faifan da ƙyar take wuce 100. Wajen tsinto ƙananan fayiloli da ke warwatse kuwa, wanda shi ne mafi yawan aikin kwamfuta, tazarar ta ninka haka nesa ba kusa ba.

Abin da ya yi bai ɗauki yini guda ba. Da farko ya sa na kwafe duk takarduna a wani wuri, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kwance kusa ɗaya ya zaro tsohuwar ma'adana, ya sa SSD mai gigabait 256. Wannan samfurin yana da gurbin RAM guda biyu, kuma yana ɗaukar har gigabait 16 na nau'in DDR3, sai ya ƙara mini guda ya zama 8. Sannan ya buɗe wajen fanka, ya ciro wani curin ƙura kamar audugar katifa, tarin hunturu takwas, ya goge busasshen man da ke tsakanin masarrafa da ƙarfen da ke janye zafi, ya shafa sabo. Da ya kunna ta, kafin in gyara zama ta gama buɗewa. Duka abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin wadda nake hari ba. A makon nan na biya wa ƙanwata kuɗin rajista.

Kuskure ɗaya na tafka, kuma ni na jawo wa kaina. Dattijon ya ce in nemi batir mai kyau ko da ya fi tsada. Na ƙi ji, na je wani shago na sayi mafi araha. Wata biyu ya yi ya daina riƙe caji. Araha dai ba ta ado.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa gyara shi ne amsa a kowane hali. Gyara yana da iyaka, kuma na ci karo da ita. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, wato sabunta tsaron da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na wucin gadi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai masarrafa zubi na takwas zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Tawa zubi na uku ce. Babu SSD ko RAM da zai canza wannan. Kuma ni mutum ne da ke shiga asusun banki da kwamfuta, ga takardun mutane a hannuna waɗanda amana ne.

Mafitar da na bi ita ce babbar manhajar Linux Mint, wadda kyauta ce, kuma zubinta na 22 zai ci gaba da samun sabunta tsaro har 2029. Na sha wahala a makonnin farko, domin hannu ya saba da wani wuri. Amma na sami LibreOffice yana buɗe takardun Word, na saita allon rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, na saita na Larabci, aiki ya ci gaba. Abin da na rasa shi ne wata manhajar tsara shafukan littafi da ba ta aiki sai a Windows. Wanda abincinsa ya dogara da irin wannan manhaja, to lissafinsa daban ne da nawa.

Don haka ga abin da nake ba ƙannena shawara, daga abin da na gani da idona. Kafin ka yanke wa kwamfutarka hukunci, ka binciki inda ciwon yake. Idan ma'adana ce mai faifai, ko ƙarancin RAM, ko ƙura, ko batir, waɗannan duka suna da magani mai sauƙi. Ka tabbatar samfurinka yana karɓar ƙari, domin da yawa daga cikin siraran kwamfutocin zamani an liƙe RAM ɗinsu da dalma a jikin babban allo, yadda ka saye su haka za ku rabu. Idan kuwa babban allon ne ya lalace, ko aikinka na tace bidiyo ne ko zanen gine-gine, wanda masarrafar ce da kanta ta gaza, to zuba kuɗi a tsohuwa asara ce, ka sayi wata ba tare da jin kunya ba.

Ko a wajen sayen ma akwai tsaka-tsaki. Kwamfutocin ofis na hannu masu zubi na takwas, irin su ThinkPad T480 ta 2018, suna ɗaukar Windows 11 kuma ana iya ƙara musu RAM. Ka yi hattara da sabuwa fil a kwali mai arahar ban mamaki. Sau da yawa za ka tarar ƙaramar masarrafa ce irin Celeron, da RAM gigabait 4 a liƙe, da ma'adana gigabait 64. Sabuwa ce a ido, amma tsohuwar Core i5 za ta iya shan gabanta a wajen aiki. Sannan idan za ka sayar da tsohuwa ko ka bayar, ka goge ma'adanarta gogewa ta haƙiƙa, domin hotunan iyalinka da sirrin mutane ba kayan gwanjo ba ne. Tawa tsohuwar ma'adanar na saya mata ɗan gida mai wayar USB, ita ce rumbun ajiyata yanzu.

Akwai kuma abin da ban taɓa tunani a kai ba sai daga baya: ina waɗannan na'urori suke zuwa idan mun yar da su? Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba sai mun je nesa ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda 'yan gwangwan ke ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe ya ga baƙin hayaƙin da yara ƙanana ke shaƙa. Kowace shekara da ka ƙara wa na'urarka, ka jinkirta isarta wannan wuri.

Mun taso muna jin malamanmu na cewa addininmu ya hana almubazzaranci, ya kuma hana ƙwauro, ana son mutum ya tsaya a tsakani. Da ina ɗauka wannan magana ce ta abinci da bukukuwa. Yanzu na gane ta shafi abin da ke cikin jakata. Sayen sabon abu halal ne, kuma wanda sana'arsa ke buƙatar kayan aiki mai ƙarfi ya ƙi saya don maƙo, ya cuci kansa da masu ba shi aiki. Tambayar da ta kamata mutum ya yi wa kansa a keɓe ita ce: na'urar ce ta gaza, ko idona ne ya ga ta wani? A nawa lamarin, kashi ɗaya ciwon na'ura ne, wanda aka warkar da sukundireba a yini guda. Sauran kuwa ciwon zuciyata ne, kuma da na sayi ta azurfar ma, bayan shekara guda wani zai zo da wadda ta fi ta.

Na san wata rana za mu rabu da ita. Fuskarta ba ta da hasken na zamani, maɓallin harafin "a" ya goge don yawan bugu, kuma 2029 ba ta da nisa. Na fara ajiye ɗan abin da ya samu domin wannan rana, a fili wannan karon, da sanin iyalina. Ƙanwata kuwa idan ta zo hutu ita take ara ta yi aikin makaranta. Kwanan baya ta ɗaga ta da hannu biyu ta ce, "Yaya, wannan ai sai ta karya wa mutum kafaɗa." Na yi dariya kawai, ban gaya mata alaƙar da ke tsakaninsu ba.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sanya albarka a cikin ɗan abin da ke hannunmu, Ya tsare mu daga sayen abin da ba mu buƙata don idon waɗanda ba su ma kula ba. Wanda ya taɓa fuskantar irin wannan zaɓi, ina son jin yadda ya warware nasa.