Transista Shida Muka Ƙona Kafin Mu Koyi Awo

Mu huɗu ne, duk 'yan aji biyu a sashen injiniyan lantarki, kuma mu muka ɗaga hannu da aka tambayi waɗanda za su haɗa abin nuna wa ɗaliban sakandare ranar baje kolin kimiyya. Muka ce naɗin Tesla za mu yi, na'urar nan mai watso tartsatsin wuta a iska, wadda Nikola Tesla ya fito da ita a Amurka a 1891. Mako shida ya rage, kuɗin kuma daga na abincinmu za su fito.

Aikin hannu bai ba mu wuya ba. Cikin kwana uku muka naɗa siririyar wayar tagulla zagaye kusan 1,000 a jikin bututun ruwa na roba, muka kewaye gindinsa da waya mai kauri zagaye biyar, muka kifa kwanuka biyu a samansa. Transista biyu samfurin IRFP460 su ne za su riƙa buɗe wa wuta hanya suna rufewa.

Wahalar tana wajen lokaci. Duk wanda ya taɓa tura ƙaninsa a lilo ya san cewa sai an tura daidai lokacin da ya fara tafiya yake yin sama. Haka dogon naɗin nan yake, sai dai namu yana kai-komo wajen sau 250,000 a daƙiƙa. Adadin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: ka matso da hannu ko tartsatsin ya ƙara tsawo, sai ya ragu. Dole ne naɗin da kansa ya riƙa aika wa transista saƙon lokacin turawa. Muka kafa 'yar waya a gefe a matsayin eriya don ta ɗauko saƙon.

Ranar farko muka kunna, shiru. Bayan awa biyu muka gano saƙon a juye yake zuwa, wato muna tura lilon ne yana tahowa. Muka musanya bakin wayoyin naɗi mai kauri, sai ga ɗan tartsatsi shuɗi kamar tsawon ashana. Ba mu gama ihun murna ba ya fara sarƙewa, sai muka ji fat, fis ya tsinke, ɗakin ya cika da ƙauri. Transista biyu sun tafi. Muka sayo wasu, suka bi sahu. Muka sake sayowa da kuɗin da ɗayanmu ya ranto, su ma haka.

Daren nan mun yi faɗa sosai. Wani ya ce mai liƙa dalma ne bai iya ba, wani ya ce kayan jabu aka sayar mana. Wanda ya ci bashin ya ce shi ya fita.

Washegari dattijon da ke kula da ɗakin gwaji ya ga tarkacenmu a kan tebur.

"Yarana, kafin ku koma kasuwa, me kuka auna?"

"Ba mu auna komai ba, Malam."

Ya girgiza kai, ya ba mu aron osiloskop, ya ce mu rage wutar zuwa bolt 30, kada mu ƙara sai ya gani.

A fuskar na'urar muka ga ɓarnar da idonmu. Saƙon da ya kamata ya fito tsaf ya cika da tsinke-tsinke. Dogayen wayoyin da muka bari suna reto duk sun zama eriyoyi, suna kwasar hayaniyar naɗin suna zuba ta inda ba a so. Kamar makirfon da aka kusantar da lasifika ne, ya ji muryar kansa ya ɗauki kuka. Hayaniyar kan sa transista biyun su buɗe tare, wuta ta bi ta cikinsu kai tsaye. Abin da ya riƙa kashe su ke nan.

Muka shiga gyara ɗaya bayan ɗaya, muna aunawa bayan kowane. Muka gajarta wayoyi, muka murɗe su bibbiyu kamar igiya. Muka liƙa ƙaramar kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafar wuta ta kowane guntun lantarki. Allon sarrafawa muka sa shi cikin gwangwanin biskit. Eriyar ma muka cire ta, muka naɗa waya zagaye 50 a zoben ferait, muka zura wayar gindin dogon naɗin ta tsakiyarsa, don saƙon ya fito daga tushe. Diyod biyu suka hana shi wuce kima, guntun 74HC14 ya tace shi.

Duk da haka akwai sauran 'yar sarƙewa. Malam ya tambayi inda wayar ƙasarmu take. Muka nuna masa rodin da muka kafa a bayan taga. Lokacin hunturu ne, ƙasa ta bushe ƙamas, ga shi mun haɗa rodin da wayar ƙasa ta allon sarrafawa. Muka raba su, muka ƙara nutsa rodin, muka kwarara masa bokitin ruwa biyu. Layin osiloskop ya daidaita.

Ƙannenmu masu sha'awar gwadawa, kada ku yi ku kaɗai. Manyan kafasitocin suna riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare soket, kuma suna iya kisa. Tartsatsin yana ƙona fata, yana lalata wayar salula, bai kamata mai na'urar daidaita bugun zuciya ya matso kusa ba.

Ranar baje koli muka ja layi da alli, yara suka tsaya baya. Abokinmu mai bashi, wanda ya dawo da kansa a mako na biyar, ya ɗaga dogon kwan fitila, ya kama babu waya a jikinsa. Wata yarinya 'yar aji uku ta tambayi yadda na'urar take sanin lokacin turawa. Muka ɗauko kwalin ashanar da muke ajiye ƙonannun transista shida, muka fara ba ta labari daga nan. Bashin kuwa mu huɗu muka raba shi, saura kashi ɗaya mu gama biya.