Kujerun Tsohuwar Fijo

A wata unguwa cikin Tudun Wada ta Kaduna akwai wani dattijo, tsohon malamin sakandare, wanda ya ajiye alli tun shekara ta 2004. Abin da aka fi saninsa da shi a unguwar shi ne wata mota Fijo 504 mai ruwan toka da ke fake a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ya saye ta sabuwa ful a 1977 da rancen mota na gwamnati, watau shekara biyu bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri. A zamanin nan gwamnatin soja ta mai da irinta motar manyan ma'aikata, saboda haka ranar da Malam ya shigo da ita unguwa har almajirai sai da suka raka ta da gudu.

Injin dai bai taɓa ba shi kunya ba. Da ma irin motar ce ta cinye tseren Safari na Kenya a 1975, ba ta san gajiya ba. Amma kujerun, wayyo! Rana ta soya ledar ta tsattsage kamar faso, soson ciki ya zama gari, wayoyin ƙasa kuwa sun leƙo suna kama rigar duk wanda ya zauna. Ran nan cikin damina ta 2023 babban ɗansa ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, motar nan ta gama yi mana aiki. A bar wa 'yan gwangwan, in samo maka wata." Malam ya dube shi ya ce, "Kai yaro, a ina ka taɓa jin an yar da doki domin sirdinsa ya tsufa?"

Da ɗan ya ga haka sai ya ce to, a kai wa masu aikin kushin, shi zai biya. Nan ma Malam ya ƙi, ya ce da hannunsa zai yi, a cikin gidansa. Maƙwabta suka ɗauka rowa ce irin ta tsofaffin ma'aikata. Alhali kuwa ba su sani ba, a gefen kujerar mai zaman banza akwai wani faci kamar tafin hannu, na baƙin yadi, wanda uwargidansa ta ɗinka da zare biyu a wata shekara da ɗaya daga cikin yaran ya farke wurin da ƙusa. Allah ya yi mata rasuwa a 2019. Malam ba ya son wani yaron shago ya sa reza ya yage wannan ɗinki ya jefa a shara yana hira.

Ya tafi Panteka ya sayo leda mai kauri ruwan ƙasa, da sabon soso mai tauri, da gam, da zare mai ƙarfi, da 'yan zobban ƙarfe, ya kuma tsaya rabin yini yana kallon hannun masu sana'ar. Fitar da kujerun bai yi wuya ba. Notuna kaɗan ne ke riƙe da kowace ta gaba, ta baya kuwa ɗaga ta ake yi. A ƙarƙashinsu aka tsinci kwabbai na farkon naira, da ƙwallayen dabino, da biro uku.

Aikin gaske ya soma ne wajen tuɓe tsohuwar leda. Ashe ba manna ta aka yi ba, 'yan zobban ƙarfe ne suka ƙulle bakinta da wayoyin kujera, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an datse da filaya. Sa'an nan a warware ɗinkin a hankali, a rarraba ƙyallayen, a rubuta wa kowane lamba da alli, domin wannan tsumman da kowa ke raina wa shi kaɗai ne ma'aunin da za a yanka sabon a kansa. Malam ya ɗaure wayoyin da suka karye, ya shimfiɗa buhun algarara a kansu don kada su ci soso, ya yanka soson da doguwar wuƙar burodi ya manna.

Nan ne fa ya yi ɓarnar farko. Ya ɗora tsofaffin ƙyallaye a kan sabuwar leda ya bi su daidai da almakashi, ya manta cewa shekara arba'in da shida na zafi sun sa sun tsuke. Da aka zo sanyawa, rigar ta ƙi shiga kujera. Yadi biyu suka tafi a banza. Ɓarna ta biyu a kan keken ɗinkin marigayiyar aka yi ta. Ya matse ɗinkin ƙwarai, yana zaton ƙarfi ke nan, sai ledar ta tsage a kan layin kamar gefen kan sarki. Leda ba yadi ba ce, ramin da allura ta huda ba ya komawa, don haka ɗinkinta mai faɗi ake yi, da allura mai kauri, kuma sau ɗaya tak. Masu sana'ar sun faɗa masa wannan a Panteka, amma malamin makaranta, in ya tsufa, ba shi da saurin karɓar karatu.

Idonsa ba ya ganin kafar allura, saboda haka jikarsa 'yar shekara goma ita ke zura masa zare bayan ta dawo daga Islamiyya. Yakan ce, "Amaryata, zo ki taimaki mijinki." Ita kuwa ta ce, "Ni ba na auren tsoho mai yagaggiyar mota, sai ka gyara." Ita ce ma ta ga yadda rigar ke cijewa a kan soso ta kawo shawarar a lulluɓe shi da siririyar ledar shago tukuna, sai ga riga ta zame ta shige. Sauran dabarar rana ce. A shanya ledar a tsakar gida ta yi laushi, a sanya ta da ɗuminta, a fara ja daga tsakiya zuwa gefe, a ƙulle da zobba. In ta huce sai ta ɗame kamar fatar ganga.

Ya gama kujerar direba, ya gama ta baya, cikin mako biyar. Kujerar mai zaman banza kuwa ta kwana goma sha biyu a jingine a zaure, kullum akwai dalili: yau hadari, gobe ciwon baya. Ran wata Asabar bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ya zauna ya datse zobbanta. Bai warware ɗinkin facin ba. Ya kewaye shi da almakashi ya yanko shi tare da tsohuwar ledar da ke riƙe da shi, ya ɗora a kan sabon soso daidai wurin da yake a da, ya manna, ya ja sabuwar riga ta rufe.

Wanda ya shafa gefen kujerar zai ji ɗan tudu. Ɗan nasa ya ji shi ranar da aka mayar da kujerun, ya ce, "Baba, nan wurin bai kwanta ba, ko a sake?" Malam ya ce a bar shi haka. Jikar ta riga kowa shigewa gaba ta harɗe, ta ce yanzu ta yarda da auren. Malam ya murɗa makulli, shiru. Batir ya mutu tun makon da aka fara aiki. Aka kira samarin unguwa suka tura ta har bakin titi kafin ta kama.